Kumfa da Yana a Saman Ruwan Kiwon Kifi: Dalilansu da Hanyoyin Magance Su a Ƙasar Mafara

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan wasu abubuwa biyu waɗanda kusan duk mai kiwon kifi a gida ya taɓa gani a saman ruwansa, watau kumfa da yana. Abin da muke nufi da yana a nan shi ne ɗan siririn ɓawon nan da kan kwanta a fuskar ruwa, irin wanda ake gani a kan kunu ko madara idan sun huce. Da yawa daga cikin masu kiwo sukan ɗauki waɗannan abubuwa a kan ƙazanta ce kawai, a kwashe a zubar. Wasu kuwa da zarar sun gan su sai su garzaya neman magani su zuba. Mu a namu ganin, kumfa da yana alamu ne da ke nuna halin da ruwa yake ciki, kuma masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya iya karanta fuskar ruwansa yakan sami gargaɗi tun da sauran lokaci, kafin ya wayi gari ya iske kifinsa sun yi rigingine, jarinsa ya salwanta.

Za mu fara da yanayin ruwa a ƙasar Mafara, sa'an nan mu dubi yadda kifi yake samun iskar numfashi. Bayan haka za mu rarrabe ire-iren kumfa da na yana, mu kawo gwaje-gwaje masu sauƙi na gane su, mu rufe da hanyoyin gyara. Bayanin ya shafi akwatin gilashi na ado ko na ɗakin kimiyyar makaranta, ya kuma shafi tankin siminti da na roba da na tamfol, domin ƙa'idar ɗaya ce a cikinsu duka.

2.0 YANAYIN RUWA A ƘASAR MAFARA

An fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1974, aka gama a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. An tsara tafkin ya ɗauki ruwa kimanin mita kubik miliyan 450 a kan fili mai faɗin hekta 8,000, kuma daga gare shi ne ake kora ruwa zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wani masani mai suna W. M. Adams ya nuna, a cikin binciken da ya buga a 1985, cewa bayan datse gulbin ambaliyar da ke cika fadamu a ƙasan madatsar ta ragu, kifin da masunta ke kamawa a can kuma ya ragu. Daga shekarun 2000 kuwa kiwon tarwaɗa a cikin tankuna ya bazu a Nijeriya, har ƙasar ta shiga gaban sauran ƙasashe wajen samar da wannan kifi.

Abin lura shi ne, ilimin da aka gada daga masunta ilimin ruwa mai gudana ne da manyan tafkuna. Gulbi yana wanke kansa da kansa, amma tanki ba ya yi. Duk abin da aka zuba a tanki yana nan har sai an fitar da shi. Har ila yau, mai kiwo a wannan yanki yakan ɗebo ruwansa daga ɗayan wurare uku: hanyoyin ban ruwa, ko rijiya da burtsatse, ko famfo. Kowanne da irin tabon da yakan bari a fuska. Ga kuma zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk waɗannan suna da hannu cikin abin da za mu tattauna.

3.0 FUSKAR RUWA ITA CE ƘOFAR NUMFASHI

Kifi yana rayuwa ne da iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, wadda yake tacewa da jajayen gaɓoɓin numfashin nan da ke ƙarƙashin kumatunsa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, amma ruwa kaɗan ƙwarai yake iya riƙewa. A digiri 20 lita ɗaya ta ruwa ba ta ɗaukar fiye da kimanin miligiram 9. A digiri 30 sai ya sauka zuwa kimanin 7.5, a digiri 35 kuwa bai cika 7 ba. Watau ruwa yana rage abin da yake riƙewa daidai lokacin da zafi ke ƙara wa kifi bukata. Masana kiwon kifi suna son a tsaya a kan miligiram 5 ko fiye. Idan aka daɗe a ƙasa da miligiram 1, yawancin kifaye sukan mutu.

Wannan iska kuwa ta fuskar ruwa take shiga. Idan ruwa yana kwance cik, shigarta na da wuya matuƙa, domin tafiyar oksijin a cikin ruwa ta fi tafiyarta a cikin iska nawa har kusan sau 10,000. Abin da ke taimakawa shi ne motsi: kowace 'yar igiyar ruwa tana nutsar da ruwan sama wanda ya ƙoshi da iska, ta fito da na ƙasa wanda yake bukata. Ko na'urar hura iska da ake sa wa akwatin gilashi, babban amfaninta shi ne motsa ruwa da fasa fuskarsa. Saboda haka duk abin da ya kwantar da fuskar ruwa, ko ya rufe ta, ya taɓa numfashin kifi.

A nan akwai bambanci tsakanin kifaye. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman a cikin kanta wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe karfasa. Wannan juriya takan ruɗi mai kiwo, ya zaci lafiya lau, alhali kifi ya rage ci, girma ya tsaya, abincin da ake saye da tsada yana ruɓewa a ƙasa. 'Ya'yan tarwaɗa kuwa sai sun yi 'yan makonni kafin gaɓar ta nuna, don haka su ne kan fara mutuwa.

4.0 IRE-IREN KUMFA

Ruwa mai tsabta ba ya riƙe kumfa. Ƙwayoyinsa suna jan juna da ƙarfi, ta yadda ƙwallon iska na isowa sama yake fashewa. Kumfa ba ta daɗewa sai idan akwai wani abu a cikin ruwan da ya yi wa ƙwallon riga. Ke nan tambayar farko ita ce: kumfar tana fashewa nan take, ko tana zama?

4.1 Kumfar Iska

Idan aka cika akwatin gilashi da sabon ruwa, akan ga ƙananan ƙwallaye sun lulluɓe gilashin da duwatsu. Dalili shi ne, ruwan da ya fito daga bututu yana da sanyi kuma yana cikin matsi, don haka ya riƙe iska fiye da kima. Dangantakar matsi da narkewar iska ita ce William Henry na Ingila ya bayyana a 1803. Da matsi ya sauka, ruwa kuma ya yi ɗumi, sai rarar iskar ta fito. Wannan kumfa takan ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai akwai haɗari ɗaya: idan bututun da ke shiga injin ban ruwa ya tsage yana zuƙo iska, ruwan yakan cika da iska fiye da ƙa'ida kullum, har ƙwallaye su fito a idon kifi da fiffikensa da cikin jininsa. Wannan cuta ce mai kisa, maganinta kuwa a toshe tsagin, a kuma sa ruwan ya fantsama kafin ya isa ga kifi.

4.2 Kumfar Ragowar Abinci

Wannan ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi muhimmanci. Fara ce ko mai ruwan ƙasa-ƙasa, takan taru a kusurwoyi da inda ruwa ke zuba, kuma tana da ƙarni. Asalinta sinadarin furotin ne da ya narke daga ragowar abinci da kashin kifi da yauƙin jikinsa, ko daga mataccen kifin da ya ɓuya a ƙasa. Kamar dai yadda farin ƙwai yake kumfa idan an kaɗa shi. Masu ba kifi hanjin kaji ko jini ɗanye sun fi kowa ganinta.

Kumfar ita kanta ba ta kisa, amma ruwa ba ya tsami banza. Inda furotin ya taru, ƙwayoyin bakteriya suna cinye oksijin wajen ruɓar da shi, kuma ana samun gubar amoniya. Ƙiyasin da aka saba aiki da shi shi ne, kilo ɗaya na abincin kifi yakan haifar da kimanin giram 30 na amoniya. Ƙarfin wannan guba ya danganta ga ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami, kamar na tsamiya, ko ga kanwa. A digiri 30, idan pH yana 7, abin da ke da guba cikin amoniyar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ya wuce kashi 7. Idan ya kai 9 kuwa ya haura kashi 40. Wannan ya sa ruwan da kifi ya jure da safe yana iya zame masa guba da la'asar. A tsohon akwatin gilashi mai matata akwai wasu bakteriya masu amfani da ke juya amoniya zuwa abin da ba shi da illa sosai, amma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Shi ya sa sabon akwatin da aka cika da kifi tun ranar farko yakan yi kumfa, kifin su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

4.3 Kumfar Sabulu

Fara ce fat, takan bayyana farat ɗaya, tana ƙyalli da launuka, wani lokaci har da ƙanshi. Takan shigo ta bokitin wanki, ko hannun da ba a ɗauraye ba, ko ruwan da aka ɗebo ƙasa da inda ake wanki a hanyar ban ruwa. Sabulu yana cire yauƙin da ke kare jikin kifi, yana kuma lalata gaɓoɓin numfashinsa. Wannan ba ta jira. A kwashe kifin zuwa ruwa mai tsabta nan da nan.

4.4 Kumfar Sheƙa

Wani ƙaramin kifin ado da ake kira Betta, wanda asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, namijinsa yakan tara kumfa a kusurwa ɗaya don ya ajiye ƙwai. Wannan halitta ce, ba ta bukatar gyara.

5.0 IRE-IREN YANA

5.1 Yanar Mai

Tana ƙyalli da launin bakan gizo idan rana ta haska ta. Tushenta maiƙon abinci ne, musamman wanda aka haɗa a gida da ƙuliƙuli ko man gyaɗa, ko baƙin mai daga injin ban ruwa, ko hayaƙin janareta da na madafa, ko man shafawa na hannu. Kada a raina ɗigo ɗaya. Benjamin Franklin na Amurka ya ba da labari, a wata takarda da aka buga a 1774, cewa ya zuba mai cikin ƙaramin cokali a wani kududdufi a Landan, man ya bazu a kan kusan rabin eka, ya kuma kwantar da igiyoyin ruwan sumul. Rabin eka kuwa kimanin murabba'in mita 2,000 ne, tankin gida mai mita 2 da mita 3 kuma murabba'in mita 6 ne kacal. Abin da Franklin ya gani shi ne ainihin illar: mai yana kashe 'yan igiyoyin nan da ke shigar da iska.

5.2 Yanar Bakteriya da Ƙura

Toka-toka ce ko fari-fari, ba ta da ƙyalli, tana da yauƙi. Takan fito inda ruwa ke kwance kuma akwai abin ruɓa. Da hunturu ƙura takan sauka ta manne mata, ta ƙara kauri. Illarta biyu ce, domin ta rufe ƙofa, ga shi kuma ita kanta tana cin oksijin.

5.3 Yanar Tsatsa

Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yakan fito garau, amma ba shi da oksijin, kuma yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Da ya sha iska sai ƙarfen ya yi tsatsa, ruwan ya koma ja-ja, wata yana mai ƙyalli kamar ta mai ta kwanta a sama. Tsatsar tana iya toshe gaɓoɓin numfashin 'ya'yan kifi. Irin wannan ruwa a tara shi a wani tanki dabam, a fantsama shi, a bar shi ya kwana ya kwanta, sa'an nan a ɗebi na sama.

5.4 Yanar Gansakuka

Ruwa mai ɗan kore-kore alheri ne ga karfasa, gama abinci ne gare ta. Amma idan gansakuka ta yi kauri har ta zama kamar koren fenti, ko ta yi ja da tsakar rana ta koma kore da yamma, to abinci da taki sun yi yawa a ruwan. Ruwan da ya ratso gonakin da aka sa wa takin zamani yakan hanzarta wannan. Gansakuka tana samar da oksijin da rana, da dare kuma ta koma tana shaƙar ta tare da kifi, don haka iska ta fi ƙaranci da asuba. Da rana kuma tana ɗaga pH, abin da ke ƙara wa amoniya dafi kamar yadda muka nuna a sama. Idan aka yi kwanaki ana hadari ko hazo babu rana, tana iya mutuwa gaba ɗaya ta ruɓe, kifi su bi ta a dare ɗaya.

5.5 Yanar Sabon Siminti

Fara ce mai garas-garas. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, pH ya hau ya wuce 10, abin da ke ƙona fatar kifi. Sabon tanki sai an jiƙa shi na makonni, ana zubar da ruwan ana sakewa, har pH ya sauko tsakanin 6.5 da 8.5.

6.0 GWAJE-GWAJE MASU SAUƘI

Waɗannan gwaje-gwaje ba sa bukatar komai sai abin da ke cikin gida, kuma ɗalibi ɗan sakandare zai iya yin su.

(a) Gwajin kwalba: A sami kwalabe biyu masu tsabta, a zuba ruwan tanki rabin ɗaya, a zuba sabon ruwa rabin ɗayar, a girgiza su daidai. Idan kumfar ruwan tanki ta daɗe bayan ta sabon ruwa ta fashe, akwai furotin ko sabulu. Idan sabon ruwan ma yana riƙe kumfa, matsalar daga inda ake ɗibarsa take.

(b) Gwajin tsinke: A ja tsinke a kan yanar. Idan ta rabu ta sake haɗewa, mai ne. Idan ta farfashe gutsi-gutsi ba ta haɗe ba, tsatsa ce ko farar ƙasa. Idan ta naɗe a jikin tsinken da yauƙi, bakteriya ce ko gansakuka.

(c) Gwajin hanci: Ruwa mai lafiya ƙanshin ƙasa yake yi. Ƙarni yana nuna ragowar abinci. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa yana nuna laka ta ruɓe a ƙasa inda babu iska, kuma wannan tururi guba ne.

(d) Gwajin asuba: A leƙa tanki bayan sallar asuba. Karfasar da ta taru a sama tana haki, ko tarwaɗar da ta rataye a tsaye a fuskar ruwa ba ta gudu idan an matso, duk suna cewa ruwa ya ɓaci.

(e) Gwajin ci: Abincin da ya rage bayan minti 15 zuwa 20 ya nuna ana wuce kima, ko kifi ba su da lafiya.

Makarantar da ke da hali ta ƙara da takardar awon pH da ma'aunin zafi.

7.0 HANYOYIN GYARA

Idan kifi sun riga sun shiga wahala, ga abin yi bi da bi. Da farko a tsai da ba da abinci kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ya cutar da babban kifi, yana kuma tsai da ƙaruwar guba. Na biyu a duba ƙasa, a cire mataccen kifi, a zuƙe laka da tiyo. Na uku a canza kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ruwan, a maimaita kashegari idan da bukata. Kada a zubar da ruwan duka a lokaci ɗaya sai in sabulu ko guba ce ta shiga, domin sauyin zafi farat ɗaya shi ma yana galabaitar da kifi. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana ɗaya, sinadarin kulorin ya fita. Na huɗu a motsa fuskar ruwa: a ɗaga bakin tiyo ruwan ya zubo daga sama, ko a huda ƙananan kafofi a bututu ya riƙa yayyafi. Na biyar a kwashe yanar. A akwatin gilashi a shimfiɗa farar takarda a fuskar ruwa a ɗauke, a maimaita. A tanki kuwa a bar ruwa ya malala ta sama.

Mai akwatin gilashi ya kula, kada ya wanke matata da sabulu ko ruwan famfo. A ɗauraye ta a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, don kada a kashe bakteriya masu amfani.

Muna kuma jan hankali a kan zuba ƙwayoyin magani irin na mutane ko na kaji da zarar an ga kumfa. Ba sa ƙara iska, ba sa cire amoniya, suna kashe bakteriya masu amfani, suna kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi jure magani, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin manyan barazana ga lafiyar ɗan Adam.

Rigakafi dai ya fi magani. A auna abinci bisa nauyin kifi: masu tasowa kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsu a rana, manya ƙasa da haka, a raba shi sau biyu ko uku, a rage a ranar tsananin zafi ko sanyi. Kada a cika tanki da kifi fiye da ruwan da ake iya canzawa. A yi rumfa a kan wani sashe na tanki don zafi da ƙura. A ware bokiti da koma da tiyo na kifi kaɗai. A nisanta janareta da madafa daga bakin ruwa.

8.0 KAMMALAWA

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kumfa iri huɗu ce, yana kuma iri biyar, kowace da tushenta da yadda ake gane ta, kuma mafi yawansu suna komawa ga abu biyu: abincin da ya wuce kima da ruwan da ba ya motsi. Shawararmu ga malaman kimiyya da na aikin gona ita ce su sa waɗannan gwaje-gwaje cikin darasin aikin hannu. Ɗaliban kwalejojin ilimi, da na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da na kwalejin aikin gona ta Bakura, za su iya awon ruwan burtsatse da na hanyoyin ban ruwa wata-wata, su rubuta abin da suka samu, a kwatanta shi da aikin Cibiyar Binciken Kifi ta New Bussa. Haka kuma akwai bukatar masana harshe da na kimiyya su zauna tare da sarakunan ruwa da masunta, a tattara sunayen da suke kiran ire-iren gansakuka da yana, domin littafin da za a rubuta wa mai kiwo ya fito da kalmomin da ya sani. Muna fata wannan taro zai ɗauki nauyin fara wannan aiki.